GWANAYEN BESBOL DA AKA RUFE WA ƘOFAR ZAUREN GWANAYE

A can ƙasar Amurka, cikin Jihar Niyok, akwai wani ɗan ƙauye a bakin tafki da ake ce da shi Cooperstown. Mutanensa duka-duka ba su cika dubu biyu ba, amma ko wace shekara idan watan Yuli ya kama sai ya cika ya batse da baƙi, don kuwa a nan ne aka gina gidan da Amurkawa ke girmama mazajen da suka yi fice a wasan besbol bayan sun ajiye wasa. Zauren Gwanaye, haka ma'anar sunan gidan take. Wanda duk aka zaɓa, akan sassaƙa kamannin fuskarsa a jikin allon tagulla, a rubuta ayyukansa daga ƙasa, a kafe a bango don 'ya'ya da jikoki su zo su gani. Ga ɗan wasan besbol babu wata ɗaukaka da ta wuce wannan.

To, amma wanda ya shiga zauren nan ya bi allunan ɗaya bayan ɗaya zai tarar da giɓi mai ban mamaki. Barry Bonds, mutumin da ya fi kowa yawan buga ƙwallo ta ƙetare shinge a tarihin babbar gasar Amurka, ba shi da allo. Roger Clemens, wanda aka ba lambar gwanin masu jifa har sau bakwai, abin da ba a taɓa yi wa wani ba, shi ma ba shi da allo. Haka Mark McGwire da Sammy Sosa, waɗanda cikin 1998 Amurka duka ta miƙe tsaye tana yi musu tafi. Ba mantuwa aka yi ba, ba kuma gwanintarsu ake shakka ba. Abin da ya tare musu ƙofa shi ne maganin nan na gina tsoka da ake kira sitiroid, wanda wasunsu suka amsa da bakinsu sun yi amfani da shi, wasu kuwa ake zarginsu suna musu har yau.

Wasan lissafi

Da yake besbol ba sananne ba ne a nan ƙasar, ya kamata a ɗan yi wa mai karatu bayani. Mutum tara-tara ke karawa. Mai jifa yakan wurgo ƙwallo mai tauri, kamar girman lemo, da gudun da kan wuce mil 90 a sa'a guda, shi kuwa mai bugu yana tsaye da kulki yana jira. In ya same ta sai ya ruga ya zaga tashoshi huɗu na filin, idan ya komo inda ya tashi an sami maki ɗaya ke nan. In kuwa ya maka ta har ta tsallake shingen ƙarshen fili, babu mai iya tare shi, sai ya zaga a hankali jama'a na sowa. Wannan shi ne bugun ƙetare, shi ne kuma sarkin bugu. Ko wane kulob yakan yi wasa 162 a kaka guda, kusan kullum ana fili daga Afrilu har ƙarshen Satumba.

Babu wasan da masu sonsa ke riƙe lissafi kamar wannan. Yaro Ba'amurke da bai iya faɗin shekarar da aka haifi kakansa ba yana iya gaya maka Babe Ruth ya yi bugun ƙetare 60 cikin 1927, ya kuma tara 714 a rayuwarsa. Roger Maris ya yi 61 cikin 1961. Ran 8 ga Afrilu 1974 Hank Aaron, baƙar fata, ya zarce adadin Ruth bayan ya sha wasiƙun zagi da barazanar kisa daga masu ƙin jinin baƙaƙe, ya kuma ajiye kulki da 755. Da waɗannan lambobi ne ake auna mutumin yau da na jiya, kamar yadda ake auna hatsi da mudu ɗaya. Saboda haka wanda ya taɓa mudun, ya taɓa abin da ya fi tsada a wurinsu.

An fara zaɓen gwanaye cikin 1936, aka ɗauki mutum biyar, cikinsu har da Ruth da Ty Cobb, aka buɗe ginin cikin 1939. An zaɓi Cooperstown ne bisa wani labari da ya ce a nan wani Abner Doubleday ya ƙago wasan cikin 1839, labarin da masana tarihi suka daɗe da tabbatar da cewa tatsuniya ce. Masu zaɓe kuwa 'yan jarida ne na ƙungiyar marubuta labarin besbol waɗanda suka shekara 10 ko fiye cikin ƙungiyar. Sai ɗan wasa ya yi kaka 10 yana wasa, ya kuma shekara 5 da ajiyewa, kafin a sa sunansa a takardar ƙuri'a. Ko wane mai zaɓe ba ya wuce suna 10, kuma sai mutum ya sami kashi 75 cikin ɗari kafin ya shiga. Wanda ya kasa samun kashi 5 sai a cire shi nan take. A da akan bar suna shekara 15 a takarda, amma cikin 2014 aka rage zuwa 10.

Akwai kuma wata ƙa'ida guda da aka shekara da shekaru ba wanda ya damu da ita. Ta ce a duba abu shida: sakamakon wasan mutum, da iyawarsa, da amanarsa, da ladabin wasa, da halinsa, da abin da ya tsinana wa kulob ɗin da ya yi wa wasa. Amana da hali, waɗannan kalmomi biyu su ne suka zama sandar da ake korar masu sitiroid da ita.

Yadda maganin ya shigo

Sitiroid dai kwaikwayo ne da masu haɗa magunguna suka yi na sinadarin mazakuta da jikin namiji ke yi da kansa. Likitoci kan ba majinyacin da ciwo ya rame da shi don ya mayar da jiki. Mai lafiya kuwa in ya sha, ko ya yi allurarsa, ya haɗa da ɗaga ƙarfe, sai tsoka ta kumbura, gajiya ta riƙa sakinsa da wuri. Ba ya koya wa ido ganin ƙwallo, ba ya koya wa hannu saiti. Amma ƙwallon da da za ta faɗo hannun mai tsaron baya sai ta ƙara 'yan ƙafafu ta ƙetare shinge, kuma ɗan wasan da shekaru suka fara cim masa sai ya tashi ko wace safiya kamar sabon saurayi. Ladan da jiki ke biya shi ne lalacewar hanta, da ciwon zuciya, da zafin rai, da raunin haihuwa.

Tun 1990 Majalisar Dokokin Amurka ta sa sitiroid cikin magungunan da laifi ne a mallake su ba tare da takardar likita ba. Cikin 1991 Kwamishinan besbol na lokacin, Fay Vincent, ya aika wa kulob-kulob takarda yana cewa an hana. Sai dai hani ne na fatar baki, don ba a gwada fitsarin kowa. Ƙungiyar ƙwadago ta 'yan wasa, wadda ƙarfinta ya shahara a Amurka, ba ta yarda da gwaji ba, attajiran da suka mallaki kulob-kulob kuwa ba su matsa ba. Suna da abin da ya fi damunsu. Cikin 1994 rigimar albashi ta jawo yajin aiki, har aka soke gasar ƙarshe ta shekara, abin da rabon da a gani tun 1904. Jama'a suka yi fushi suka ƙaurace wa filaye.

Ana cikin wannan hali sai ga 1998. McGwire na kulob ɗin St. Louis da Sosa na Shikago suka shiga tseren kamo adadin Maris, wanda ya shekara 37 ba a taɓa shi ba. Filaye suka cika, talabijin ta samu, kuɗi suka shigo kamar ruwan Agusta. McGwire ya gama da 70, Sosa da 66. Cikin watan Agusta na wannan shekara wani wakilin kamfanin dillancin labarai na Associated Press, Steve Wilstein, ya hangi kwalbar wani magani da ake kira andro a kabad ɗin McGwire, ya rubuta. Maganin nan jiki kan juya shi ya zama sinadarin mazakuta, kuma an riga an hana shi a wasannin Olimfik, ko da yake a lokacin ana sayar da shi a kanti, besbol kuwa ba ta hana ba. Maimakon a bi sawun labarin, sai aka yi wa Wilstein ca, wai ya leƙa abin da ba ruwansa. Cikin masu sukarsa har da 'yan'uwansa 'yan jarida. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, don ƙungiyarsu ce daga baya ta zauna a kujerar alƙali.

Daga 1998 zuwa 2001 an wuce adadin Maris har sau shida, kuma mutum uku ne kaɗai suka yi: McGwire sau biyu, Sosa sau uku, sai Bonds na San Faransisko da ya yi 73 cikin 2001, shekarar da ya cika 37 da haihuwa. Kafin nan bai taɓa wuce 49 ba. A shekarun da sauran 'yan wasa ke shirin komawa gida, shi sai ƙara faɗin kafaɗa yake yi, ya kuma ci lambar gwarzon shekara sau huɗu a jere, daga 2001 zuwa 2004.

Asiri ya tonu

Rana dubu ta ɓarawo. Cikin 2002 Ken Caminiti ya gaya wa mujallar Sports Illustrated cewa da sitiroid ya ci lambar gwarzon shekara ta 1996. Bayan shekara biyu ya rasu yana da shekara 41. Cikin 2003 aka yi gwaji na farko, bisa alkawarin ba za a bayyana suna ba, ba kuma za a hukunta kowa ba, aka sami fiye da kashi 5 cikin ɗari da magani a jikinsu, abin da ya wajabta fara gwaji mai hukunci cikin 2004. Cikin Satumba 2003 kuma ma'aikatan gwamnati suka kai samame wani kamfani mai suna BALCO a Jihar Kalifoniya, wanda ke haɗa wa 'yan wasa sitiroid irin wanda gwaji ba ya ganewa. Mai horar da Bonds, Greg Anderson, yana cikin waɗanda aka kama. Bonds ya shaida wa masu binciken kotu cewa lalle ya yi amfani da wani ruwa da wani man shafawa da Anderson ya ba shi, amma shi a zatonsa man tsirrai ne da maganin ciwon gaɓɓai.

Ran 17 ga Maris 2005 wani kwamitin Majalisar Wakilai ya kira manyan 'yan wasa Washinton. Cikin waɗanda suka ba da shaida ran nan akwai mahaifin wani yaro ɗan shekara 17 daga Jihar Teksas, mai jifa a makarantar sakandare, wanda ya kashe kansa cikin 2003 bayan ya yi amfani da sitiroid. McGwire, murya na rawa, ya yi ta maimaita cewa bai zo don maganar abin da ya wuce ba. Rafael Palmeiro kuwa ya nuna 'yan majalisa da yatsa ya ce shi bai taɓa ba, faufau. Ba a cika wata biyar ba aka dakatar da shi kwana 10, don an sami stanozolol a fitsarinsa, watau maganin da ya sa aka ƙwace lambar zinariyar Ben Johnson a Olimfik ta 1988. Daga nan aka tsananta hukunci: wasa 50 a karo na farko, 100 a na biyu, kora ta har abada a na uku. Cikin 2014 aka ƙara zuwa 80 da 162.

Ran 7 ga Agusta 2007 Bonds ya zarce Aaron, ya gama shekarar da 762, daga nan babu kulob ɗin da ya sake ɗaukarsa. Cikin Disamba tsohon Sanata George Mitchell ya fitar da rahoton binciken da hukumar wasan ta sa shi, mai shafi 409, ya ambaci 'yan wasa 89. Sunan da ya fi girgiza mutane shi ne na Clemens, mai nasara 354, wanda mai horar da shi Brian McNamee ya ce shi da hannunsa ya yi masa allura. Clemens ya rantse gaban majalisa ƙarya ne. Gwamnati ta kai shi kotu bisa shaidar zur, aka wanke shi cikin 2012. Bonds kuwa an same shi da laifin kawo wa shari'a cikas cikin 2011, kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin cikin 2015. Ko ɗaya cikin su biyun hukumar wasan ba ta taɓa dakatar da shi saboda sitiroid ba.

Ƙuri'a ta zama bulala

McGwire ne ya fara zuwa gaban masu zaɓe, cikin 2007, da bugun ƙetare 583, adadin da a da ke kai mutum zaure ba gardama. Ya sami kashi 23.5. Cikin Janairu 2010 ya fito ya amsa laifi yana hawaye, sai ƙuri'unsa suka shiga raguwa har ya ƙare da kashi 12.3 cikin 2016. Sauran 'yan wasa sun gani, sun kuma fahimci cewa faɗin gaskiya ba ya buɗe ƙofar nan. Palmeiro, mai bugun ƙetare 569, ya faɗi ƙasa da kashi 5 cikin 2014, aka cire sunansa.

Cikin 2013 Bonds da Clemens da Sosa suka shigo takarda tare. Clemens ya sami kashi 37.6, Bonds 36.2, kuma 'yan jarida ba su zaɓi kowa ba a shekarar. Jaridar New York Times ta bar shafin farko na sashen wasanni kusan fari fat. Da aka zo bikin Yuli, mutum uku da wani kwamiti dabam ya zaɓo aka girmama, dukkansu kuwa sun rasu tun kafin 1940. Daga baya ƙuri'un mutanen biyu suka riƙa hawa a hankali, musamman da aka sallami tsofaffin masu zaɓe da suka daɗe da barin aikin, matasa suka shigo. Amma rage wa'adin nan zuwa shekara 10 ya cim musu. A zaɓensu na ƙarshe, cikin Janairu 2022, an jefa ƙuri'a 394, ana bukatar 296. Bonds ya sami 260, Clemens 257.

Masu ƙin zaɓensu suna da hujja mai ƙarfi. Sun ce zaure ba kotu ba ne, ba a ɗaure kowa, girmamawa kurum ake hanawa, kuma girmamawa ba hakkin kowa ba ce. Cikin Nuwamba 2017 Joe Morgan, tsohon gwani kuma mataimakin shugaban hukumar zauren, ya rubuta wa masu zaɓe wasiƙa yana roƙonsu kada su zaɓi wanda gwaji ya kama, ko wanda ya amsa da bakinsa, ko wanda rahoton Mitchell ya ambata, ya kuma ce in aka yi haka akwai dattawan zauren da za su daina zuwa biki. Sa'an nan ga waɗanda aka cuta. Fred McGriff, wanda ba a taɓa jin wani zargi a kansa ba, ya yi bugun ƙetare 493, amma da aka jera shi da masu 500 da 600 sai ya zama kamar tsaka-tsaki, ya shekara 10 a takarda bai kai kashi 40 ba. Shi ma dai an san sunansa. Akwai samari da yawa a ƙananan kulob-kulob da suka ƙi allura, wanda ya karɓa ya wuce su ya sami gurbi, su kuwa suka koma gida ba wanda ya san da su. Waɗannan babu allon da zai biya su.

Masu goyon baya kuwa suka ce Bonds ya riga ya ci lambar gwarzon shekara sau uku, cikin 1990 da 1992 da 1993, tun yana siriri, kafin lokacin da ake zarginsa, Clemens kuma ya ci lambar gwanin masu jifa sau uku kafin 1992. Suka ce zauren ba na waliyyai ba ne tun asali. Cap Anson, wanda ya ƙi shiga fili da baƙar fata ya kuma taimaka aka rufe musu ƙofa har zuwa 1947 da Jackie Robinson ya karya shingen, yana ciki tun 1939. Gaylord Perry, wanda ya rubuta littafi guda a kan yadda yake shafa wa ƙwallo abin da doka ta hana, an zaɓe shi cikin 1991. Ƙwayoyin amfetamin masu kore barci da gajiya sun shekara da yawa suna yawo a ɗakunan 'yan wasa kafin a fara gwajinsu cikin 2006, har Aaron kansa ya faɗa cikin littafin tarihin rayuwarsa cewa ya taɓa gwada ɗaya sau guda. Wannan hujja tana da rauninta, don laifin wani ba ya wanke na wani, kuma ƙwayar kore barci ba ta sauya surar jikin mutum yadda sitiroid ke yi. Amma ta nuna ƙa'idar amana da hali ta daɗe tana barci kafin a tashe ta.

Mudu biyu a kasuwa ɗaya

Inda sha'anin ya fi wuyar karewa shi ne rashin daidaito. Cikin 2009 New York Times ta ba da labarin cewa sunan Sosa yana cikin jerin waɗanda gwajin asirin nan na 2003 ya kama. Bayan 'yan makonni ta ba da labari irin wannan a kan David Ortiz na Boston. Cikin 2022 su biyun suna takarda ɗaya. Ortiz, mutum mai fara'a wanda 'yan jarida ke so, ya shiga a karonsa na farko da kashi 77.9. Sosa, mai bugun ƙetare 609, ya fita da kashi 18.5. Gaskiya ne yawancin ayyukan Ortiz ya yi su ne bayan an fara gwaji, ba a kuma taɓa kama shi ba, har Kwamishina Rob Manfred ya ce cikin 2016 ba a iya dogara da sakamakon 2003 ɗin nan. To, in ba abin dogara ba ne ga Ortiz, yaya ya zama abin dogara ga Sosa? Bonds kuwa, kowa ya sani, ya shekara 22 yana ɗaure wa 'yan jarida fuska. Ba za a ce wannan ne ya hana shi ƙuri'a 36 da suka rage masa ba, amma lalle bai taimake shi ba.

Mike Piazza ya shiga cikin 2016, Jeff Bagwell da Ivan Rodriguez cikin 2017, duk da raɗe-raɗin da suka bi su, don ba a sami shaida a kansu ba. Wannan adalci ne. Sai dai ma'anarsa ita ce ba wanda ke iya rantsuwa cewa zauren tsarkakakke ne, tun da shekara da shekaru ba a gwada kowa ba. Wanda mai sayar masa da magani ya faɗa hannun hukuma ya tonu, wanda nasa ya tsira ya tsira.

Manya fa? Tony La Russa, wanda ya shugabanci McGwire a Oakland da St. Louis, ya shiga zaure cikin 2014. Bud Selig, wanda ya riƙe ragamar wasan daga 1992 zuwa 2015, watau zamanin sitiroid daga farkonsa har ƙarshensa, wani kwamiti ya zaɓe shi cikin Disamba 2016 da ƙuri'a 15 cikin 16. Masu kare shi sun ce shi ne ya kawo gwaji, ya kuma naɗa Mitchell. Haka ne, amma sai da majalisa ta ɗaga sanda. Zaɓen nan nasa ya sa wasu 'yan jarida suka ce ba za su ƙara hukunta yaran gida su bar maigida ba, har ƙuri'un Bonds suka tashi daga kashi 44.3 zuwa 53.8 cikin shekara guda. Abin da kurum aka fi samun daidaito a kansa shi ne waɗanda aka kama bayan an kafa doka sosai. Alex Rodriguez, mai bugun ƙetare 696, wanda ya amsa laifi cikin 2009 aka kuma dakatar da shi kakar 2014 ɗungum, da Manny Ramirez da gwaji ya kama sau biyu, ba wanda ya kai rabin ƙuri'a cikinsu.

A wasannin Olimfik akan soke sakamako a miƙa lamba ga na baya. 'Yan Nijeriya sun ga haka da idonsu: 'yan gudun ba-ni-in-ba-ka na mita 400 sau huɗu da suka zo na biyu a Sidni cikin 2000 an mayar musu da zinariya cikin 2012, bayan wani ɗan gudun Amurka, Antonio Pettigrew, ya amsa ya sha magani, ko da yake Sunday Bada ya riga ya rasu cikin 2011 bai gani ba. A besbol ba a yin haka, don ba shi yiwuwa a zare bugun mutum ɗaya daga cikin dubban wasanni ba a warware lissafin kowa ba. Saboda haka 762 da 73 suna nan a littafi, su ne a sama. Shi ya sa da Aaron Judge ya yi 62 cikin 2022 aka sami masu cewa wannan ne adadi na halal, cikinsu har da ɗan Roger Maris, alhali hukumar wasan ba ta goge ko lamba ɗaya ba. Hukuma ta ƙi yanke hukunci a kan lambobi, zaure ya ƙi faɗa wa masu zaɓe abin da ƙa'idarsa ke nufi, aka bar wa 'yan jarida kaya kowa ya ɗauka yadda ya ga dama.

Wani abin dariya kuma, ƙwallon da Bonds ya zarce Aaron da ita tana Cooperstown. Wani attajiri mai ɗinkin tufafi, Marc Ecko, ya saye ta a gwanjo kan dala 752,467, ya tambayi jama'a ta intanet abin da za a yi da ita, suka zaɓi a yi mata tambarin ɗan tauraro, alamar nan da marubuta kan sa a gefen magana don nuna akwai abin dubawa. Haka aka yi, aka kai ta ɗakin kayan tarihi na zauren cikin 2008. Ƙwallo ta shiga, mai bugunta yana waje.

Wanda wa'adinsa ya ƙare a hannun 'yan jarida yana da sauran ƙofa ɗaya, watau kwamitin mutum 16 na tsofaffin gwanaye da shugabannin kulob-kulob da masana, inda ake bukatar ƙuri'a 12. Cikin Disamba 2022 kwamitin ya zaɓi McGriff ba hamayya, Bonds da Clemens kuwa ko ƙuri'a 4 ba su samu ba, abin da ya nuna 'yan'uwansu 'yan wasa sun fi 'yan jarida tsanani. Cikin Disamba 2025 aka sake zama, aka zaɓi Jeff Kent da ƙuri'a 14, mutumin da ya yi kaka shida yana wasa tare da Bonds a San Faransisko, har suka taɓa shaƙe juna a benci cikin 2002. Bonds da Clemens ba su kai ƙuri'a 5 ba. Bisa sabuwar ƙa'idar da aka kafa cikin 2025, wanda ya kasa samun 5 ba a sa sunansa a zama na gaba, wanda kuma ya sake kasawa an rufe maganarsa ke nan har abada. Saboda haka ba za a sake duba su ba sai cikin 2031, lokacin Bonds yana da shekara 67, Clemens kuwa 69.